Mita Arba'in da Takwas

Yuni ne a Aydın, ɓaure bai nuna ba tukuna.
Ina cikin rufin sito, tocila a baki,
ina bin wayoyi da rarrafe
kamar mai cigiyar dangi a garin da ba ta taɓa kwana ba.

Rüstem Bey ya sayo injin tantance ɓaure
mai ido goma sha biyu,
yana hango tsutsa tun ba ta san an gan ta ba.
Sai dai hoto kaya ne mai nauyi,
wayar bangon nan kuwa giga ɗaya take haɗiya,
sauran su tsaya a layi,
inji ya tsaya, mata talatin su riƙe ƙugu,
motar İzmir tana huci a bakin ƙofa.

Ya ce, "Nergis, giga goma nake so ko'ina,
har ɗakin mai gadi."
Na ce mai gadi rediyo yake ji.
Feride ta akanta ba ta ɗago kai ba,
ta dai ja layi biyu ƙarƙashin kuɗin,
alƙalami ya huda takarda.

Na zauna na raba gado.
Goma ga inji da uwar garke, su ne masu ci.
Ofis ya riƙe tsohuwar tagullarsa,
za ta ja biyu da rabi in an canja mata akwatin rarrabawa,
da tsohuwar zuma ma ana magani.
A sauya a daren Asabar, ɗaki ɗaya bayan ɗaya,
tsohon layi na nan a raye har sabon ya yi numfashi.
Agusta na tafe da buhunanta,
ba a fafe gora ranar tafiya.

Waya ɗaya ce ta hana ni barci,
wadda ta haɗa ofis da sito.
A taswira mita saba'in.
Na'urata ta ce ɗari da sha takwas.
Na sake aunawa, ta maimaita.
Tagulla in ta haura ɗari takan fara mantuwa,
wannan ta shekara ashirin tana in'ina
ana zagin kwamfuta.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na sami Hüsnü Usta a shagon shayi bayan masallaci,
shi ya binne ta, gashinsa na baƙi a lokacin.
Ya juya ƙaramin kofinsa a kan faranti, ya daɗe.
"Kin ga ɓauren tsakar gida?
Mahaifiyar Rüstem ta dasa shi shekarar da mijinta ya rasu.
Hanya miƙaƙƙiya ta kan saiwarsa ta bi.
Na ɗaga diga, na ga tsohuwa a taga.
Ba ta ce komai ba.
Na zagaya ta bayan rijiya."

Ban faɗa masa asarar da zagayen ya jawo ba.
Na biya kuɗin shayi, ya ƙi, na bari.

Da dare na buɗe taswira.
Layin da na ja da jan biro ya ratsa bishiyar ta ciki.
Na goge.
Zaren gilashi haske yake ɗauka,
mita arba'in da takwas ba ta kai masa ƙiftawar ido ba.
Na bi sawun Hüsnü, lanƙwasa bayan lanƙwasa,
har bayan rijiya.

Feride ta ga ƙarin, ta tambayi dalili.
Na rubuta a gefe: yanayin ƙasa.
Ta dube ni, ta dubi taga,
inda ganye ke share gilashi.
Ta sa hannu.
Wannan karon takardar ba ta huje ba.